Kifi Biyar Daga Aneho

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Zongo, ni da ƙanena, da bokiti da jarka biyu. Shekara biyu ke nan da ya gama makaranta babu aiki, har ya fara zancen bin hanyar Agadas ya tafi ci-rani. Dabararsa ta ƙarshe ita ce kiwon kifin teku a bayan gida. Ya ce in kifin sun yi mako da rai zai zauna, in sun mutu ya tafi. Ni kuwa duk hanya addu'a nake Allah ya raya kifin, kada ya tafi.

Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai mu tasha, muka shiga taksi mu shida kamar an cusa kaya a buhu. Teku na hannun dama, bishiyoyin kwakwa sun yi layi. A Aneho, garin masunta, muka karya da abolo, wata wainar masara, da soyayyen kifi, yajin sai da ya sa ni hawaye.

A bakin ruwa na ga wani kifi da cikinsa ya kumbura, tumbinsa ya leƙo ta baki. Wani tsohon masunci ya yi bayani da yaren Mina, ƙanena na fassarawa. Wai akwai jakar iska a cikin kifi, ita ke riƙe shi tsakiyar ruwa. In aka fizgo shi da sauri daga zurfi sai iskar ta buɗe. Ikon Allah! Tsohon ya ci gaba da wata magana a kan gishiri, ni hankalina ya tafi kan kwale-kwale.

Muka dawo da kifi biyar masu rai a cikin ruwan teku da azahar. Ƙanena ya wuce masallaci. Na leƙa bokitin, ruwan ya yi dauɗa, tausayi ya kama ni. Na zubar, na cika musu da ruwan rijiyarmu mai sanyi. Kafin magariba duk sun kife.

“Yaya, me kika yi?” Muryar ƙanena ko tashi ba ta yi ba. Ya ce kifin teku shan ruwan gishiri yake, yana fitar da gishirin ta tsagar wuyansa da yake numfashi da ita. A ruwan rijiya kuwa gishirin jikinsa ke zubewa, ruwa na shigarsa har ya kashe shi. Abin da tsohon ya faɗa ke nan.

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro. Tafiyar nan ta nuna mini cewa tausayi ma yana kisa in babu sani. Na ce masa wannan gwajin ba ya cikin lissafi, tunda ni na ɓata, ya ƙara mini mako guda. Har yanzu bai ba ni amsa ba.