Yadikan Gwaggo Marlys

Gwaggona Marlys Tollefsrud ita ce gwanar ɗinkin bargon ƙyallaye a ƙauyenmu na jihar Minnesota ta Amurka, sai dai ba wanda ya taɓa ganin bargon da ta gama. Aikinta jera yadi ne, ja da ja, shuɗi da shuɗi, kowanne a goge a ninke. Yadi ya cinye kabad, ya cinye ɗakin baƙi, har ya kori motar mijinta daga gareji, motar tana kwana cikin ƙanƙara.

Da 'yarta Darla ta samu ciki, sai ta ce, "Mama, yau ga ranar yadikanki, sai a ɗinka wa jariri bargo."

Gwaggo ta wuni tana shafa su, almakashi a hannu. Can ta ce, "Haba Darla! Wannan mai furannin zan yanka wa mai tumbuɗi?"

Ta je kanti ta sayo sabo, wai na yankawa. Da ta goge shi ta ga ai shi ma ya fi ƙarfin almakashi, sai ta nema masa gurbi cikin korayen.

Yaron yanzu yana sakandare. Gwaggo ta ce ya ƙara haƙuri, ta kusa zaɓa.