Mutumin da Ya Riƙe Mini Ƙarshen Labari

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Egya Kwamena Otoo, wato Baba Kwamena a harshenmu, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara tamanin da takwas. Ko a mutuwa bai bar tsarinsa ba, sai da ya dace da ranar da masunta ba sa shiga teku, don kada wani ya ce bai samu labari ba.

Egya, kakanka yana cikin masunta bakwai da suka gina cocin Methodist na garinmu da laka, iska ta kwashe rufinsa sau biyu suna mayarwa. Kai kuma barandar cocin ka gada. Kowace Asabar, shekara arba'in da biyar, kana can da akwatin littattafan da matan coci suka tara, kana koya wa 'ya'yan masu ƙyafa kifi karatu. Yau kuwa zan faɗa ko Rabaran zai ji haushi: babu littafi ɗaya a akwatin nan da ba ka yanke masa shafin ƙarshe da reza ba. Sai yaro ya karanta maka da ƙarfi tun daga farko kake buɗe gwangwanin biskit ka miƙa masa ƙarshen labarinsa. Sau uku dattawan coci suna zama a kanka saboda ɓarnar kayan Allah. Biyu daga cikinsu a hannunka suka koyi karatu, shi ya sa maganar ta sha ruwa.

Nawa littafin na wata akuya ce da ta shiga jirgin ruwa a ɓoye. Ina da i'ina, yara suka yi ta dariya, a shafi na tara na ajiye na gudu teku. Daga baya na koma na ɗauke shi, na karance shi a zuci, amma shekara arba'in da ɗaya ban san ko an yanka akuyar nan ba. Na kawo maka kifi, na gyara maka rufin ɗaki, har ɗana na raɗa wa sunanka. Kullum sai ka ce, "Ebo, Allah ya yi albarka. Asabar, ƙarfe tara." Gaskiya na ji haushinka, kuma ba kaɗan ba.

Da ka kwanta ciwon tari na ɗauko littafin na zo da furfurata. A shafi na huɗu ka yi barci. Washegari ka ce, "A sake daga farko, ni ban ji komai ba." Muna shafi na ashirin, saura uku, Ubangiji ya kira ka.

Bayan jana'iza na je wa matarka Maame Aba gaisuwa. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Maame, gwangwanin nan fa…"

Ta ce, "Kai ma ka san dokar gidan nan. Tashi mu je, yanzu da tari ya bar shi ai ya fi ji."

Ta tasa ni gaba har bakin kabarinka. Na tsaya da rana tsaka, ƙato da ni, ina karanta wa tulin ƙasa labarin akuya, harshe yana sarƙewa, masu tallar dokunu, tuwon masarar nan, sun sauke kaya suna kallo. Da na kai aya ta buɗe gwangwanin. Takarda ɗaya tak ta rage a ciki.

Ashe ba a yanka akuyar ba. A bayan takardar kuma ka rubuta da fensir: "Na Ebo ne. A ajiye masa, zai dawo. 1983." A nan karatu ya sake gagarata, wannan karon ba don i'ina ba.

Ubangiji ya ji ƙanka, Egya, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutunsa saboda Yesu Almasihu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maame Aba, da 'ya'ya da jikoki, da dangin Otoo baki ɗaya, da jama'ar cocinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Na dawo a makare, Baba, ka yafe mini. Amin.