Kara ne, Ba Ƙara Ba

Na manta abubuwa da yawa na aiki, amma ban manta da ranar da Alhaji Sada ya kira ni ofishinsa da takardar tuhuma a hannu ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, a wani ofishin aikin gona a Funtua. Ni mai buga tafireta ce. Da aka kawo mana kwamfuta ɗaya tilo, sai aka ɗora ni a kanta gwaji na wata shida. In na yi kyau a tabbatar da ni, in ban yi ba in koma kan tafireta. Ni kuwa na riga na gama baza labari a coci cewa na zama mai kwamfuta, har uwata a Malumfashi ta faɗa wa duk wanda ya tsaya gaishe ta.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan na'ura ba. Sunan fayil ba ya wuce harafi takwas, kuma ba ta san harafi mai lanƙwasa ba ko ɗaya. Don haka na tsara wa kaina hanya. Harafi huɗu na farko sunan aiki, uku na baya sunan gari. Kowane aiki da faifansa, kowane faifai da na biyunsa a wata durowa, saboda wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar rubutu. Ran Juma'a kuma in buga jerin sunayen fayil in manna a murfin akwatin faifai, don kada in yi ta lalube. Ina alfahari da tsarin nan ƙwarai.

A daminar nan tsutsa ta shiga masara. Aka tura malaman gona su tsaga kara a gonaki, su ƙirga wanda ya kamu. Ni ke shigar da abin da suka kawo. Na sa wa fayilolin KARABAK na Bakori, KARADAN na Danja, KARAMAT na Matazu, haka har gari biyar.

Alhaji Sada shi ne mataimakin manaja, duk takardun ma'aikata ta hannunsa suke bi. Mutumin kirki ne, sai dai jan ƙafa. Akwai sababbin babura na malaman gona da suka yi wata uku a sito yana cewa sai an kammala takardu, su kuma suna ta gunaguni. Wata ranar Litinin ya zo neman wasiƙa, idonsa ya faɗa kan jerin da na manna. Ya daɗe a tsaye yana duba shi, sannan ya fita.

Ran Laraba sai ga babura an fito da su an raba. Malam Bitrus, malamin gona na Bakori, ya zagaya ofis sau uku yana danna oda. Ran Alhamis aka ce Alhaji na nema na.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce ya ɗauke ni kamar 'ya, ashe da na'urar ofis nake buga wa mutane ƙararsa a ɓoye, har gari biyar. Ya turo mini takardar, ya ce in amsa kafin a tashi. Nan take na ga tafireta tana jira na.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wace ƙara?”

Ya nuna jerin da yatsa. Na duba, na sake dubawa, sannan na gane. Tsoro bai sake ni ba, ga kuma dariya tana taso mini. Na roƙe shi ya biyo ni. Na sa faifai, na buɗe KARABAK. Sunayen gonaki ne, da yawan karan da aka tsaga, da yawan mai tsutsa. Ya sa na buɗe duka biyar ɗin yana gyara tabarau.

“Rifkatu, wato karan masara ne?”

“Karan masara ne, ranka ya daɗe. Na'urar ce ba ta da ƙa.”

Sai ya zauna a kujerata ya yi dariya har da hawaye. Ya ce kwana biyu bai ci abinci da daɗi ba, kuma a kan kara ya raba babura. Ya yaga takardar tuhumar da hannunsa. Kafin a tashi ya aiko mini da wata, ta tabbatarwa, saura wata biyu gwajin ya cika. Ya ce wadda ta fito da fayil biyar cikin minti ɗaya ba ta bukatar ƙarin gwaji. Daɗin da na ji ranar ban iya faɗarsa ba. A ranar na sauya sunayen zuwa TSUTBAK da TSUTDAN, na kuma fara rubuta bayanin kowane fayil da biro a gefen jerin.

Abin da na koya shi ne, sunan fayil ba don ke kaɗai kike sa shi ba. Wani zai zo ya karanta, ba ya cikin kanki, kuma da abin da ke damunsa a rai zai karanta.