Dokin da Ya Toge a Teburina

Ranar da 'yan Nijar suka naɗa shugaba a unguwar Treichville, maigidana aka ɗora kan dokin haya ya ja gaba. Sun hana dokin ci, wai kada ya ɓata kwalta da kashi. Ni kuwa na saba ba shi ɓawon ayaba inda nake suyar ayabar da ake kira aloko, kusa da tashar Bassam. Yana isowa teburina ya toge. Ganga na tashi, maigida na zungurinsa da diddige, ko gezau.

"Hajiya, rufa min asiri!" in ji shi, rawani a karkace.

Na ce, "Alhaji, ba kai ka ce suyata abin kunya ce ba?"

Sai da ya janye maganarsa gaban jama'a, sannan na ciyar da dokin, suka wuce.