Baƙin Fenti a Cikin Rumbu

Usaini mutumin wani ƙauye ne a bayan Tofa, amma shekara goma sha huɗu ya yi a wani gareji a Kano yana fentin motoci. Ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Aibinsa guda ne: duk abin da ya koyo a birni, gani yake ya fi abin da ya taras a gida. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu motoci suka jingine su, aiki ya ɗauke ɗif, sai ya tattaro buroshinsa da samfefa ya dawo ya rungumi gonar da mahaifinsa ya bari. A shekarun nan gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a rana abin nunawa ne.

Ana dab da girbi, Alhaji Ɗanliti, wani dillalin hatsi daga Bici, ya kawo masa jif ɗinsa ta shiga ƙauyuka. Tsakuwa da taɓo sun ci madigadin da ke saman tayoyinta. Ya zo da gwangwanaye na wani baƙin fenti mai kauri kamar kwalta, irin wanda ake shafa wa bayan a-kori-kura. Usaini ya kwance madigadi huɗun, ya wanke, ya goge da samfefa har suka yi kaushi, ya shafa sau uku, kowane shafi sai ya bushe sannan ya ƙara. Da ya gama ya watsa musu ruwa, ruwan ya gangare. Ya jefa dutse, ko ƙwarzane. Alhaji ya ji daɗi, ya bar masa ragowar fentin kyauta.

To, a nan wayon birni ya motsa. Usaini ya dubi rumbunsu na ƙasa, wanda gara ke yi wa ɓarna duk shekara, ya ce abin da ya gagari dutse ai ya fi ƙarfin gara. Ya shiga ciki da buroshi, ya shafe shi tun daga gindi har baki, bai bar ko wurin ɗora yatsa ba.

Matarsa Barira ta leƙo tana toshe hanci. "Malam, a cikin wannan warin za mu zuba abincin namu?"

"Wari na kwana uku ne. Ku dai ba ku san aikin zamani ba."

Dami talatin na gero suka samu, kuma shi ne duk abin da gidan ya dogara da shi, har irin baɗi yana ciki. Ya loda shi a rumbun, ya liƙe bakin, ya bi liƙin da fenti, ya kifa jinka. Suka yi ta maneji da 'yar dawa da wake, a kan ba za a taɓa geron ba sai bazara, lokacin da hatsi ke gagarar talaka. Duk wanda ya shigo gidan sai Usaini ya ja shi gindin rumbu ya yi masa lacca.

Ranar da dawar ta ƙare, da hantsi, ya hau tsani ya ɗauke jinkar, ya fasa liƙin. Wani hucin zafi mai tsami ya daki fuskarsa, saura kaɗan ya faɗo. Ya zura hannu. Zangarniyar da ya kamo ta narke a tafinsa, baƙa ƙirin, duk fumfuna. Ya ƙara zurawa har kafaɗa, haka dai. Sai ya hau salati.

Barira ta ɗora hannu a ka. Mahaifiyarsa, Inna Fadima, wadda lokacin shafen tana gidan 'yarta a Ungogo, ta taho da sanda, ta dubi hannunsa, ta dubi baƙin fentin da ke bakin rumbun.

"Innalillahi! Kai Usaini, me ka yi? Gero gumi yake yi kamar mutum. Ƙasar rumbu ce ke shanye danshin ta fitar. Ka toshe ta, ta ina zai fita?"

Tsoro ne ya kama Usaini, da kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Ya yi ta fito da dammunan ɗaya bayan ɗaya, ko na ƙasa ya tsira, har ya kai na talatin, babu mai kyau ko ɗaya.

Barira ta tsinci wata zangarniya mai ɗan dama-dama, ta murje ta a hannu, ta watsa a tsakar gida don ta gwada. Kajinta suka rugo a guje, suka tsaya a kan tsabar, suka karkata kai suna kallo. Sannan suka juya suka koma tonon bola.