Tertius Kleinbooi da Hanjin Tunkiya

Shekara ashirin da biyu Tertius Kleinbooi yana kaɗa babban goge a ƙungiyar makaɗan birnin Kef Tawun, irin gogen nan da ake kafewa a ƙasa kan turken ƙarfe. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙuda bai taɓa yi wa tsawa ba. Wata Asabar ya ji wata tsohuwa daga Holan tana kaɗa waƙar shekara ɗari uku da tsirkiyar hanji, ya zauna yana hawaye har aka share ɗakin wasan.

Da ya koma gida ya cire turken ya jefa bayan kabad, ya matse gogen tsakanin cinyoyinsa.

Matarsa Marietjie ta leƙo daga kicin. "Baban Elsabe, goge kake kaɗawa ko akuya za ka tatsa?"

"Haka mutanen dauri suke riƙe shi."

"To ai shi ya sa duk suka mutu."

Bai kula ta ba. Ya ce tsirkiyar ƙarfe ƙarya take yi wa kunne, shi da hannunsa zai murza tasa. Ya tafi wurin Sedick, mahaucin unguwarsu, ya nemi hanjin tunkiya goma sha biyu.

"Kawu, gashi za a yi? In haɗa maka da yaji?"

"Kiɗa zan yi da shi."

Sedick ya dube shi sama da ƙasa. "Allah ya sawwaƙe. Ka gaida Gwaggo, ka ce ina taya ta haƙuri."

Sati uku hanjin na shanye a igiyar wanki. Magen maƙwabta ta cinye biyar, maƙwabtan kuwa suka daina buɗe taga. Abin da ya rage ya murza ya ɗaura, ya kuma sassauta muryar gogen kamar yadda na dauri suke yi. A ƙungiya shugaban makaɗa ya ce, "Tertius, kullum kana ƙasa da kowa." Tertius ya ce su ne suka hau sama ba da izini ba. A ranar ya ajiye aiki.

Wasansa na farko shi kaɗai a wani tsohon coci ya yi shi, a garin Stellenbosch, ranar da aka wuni ana yayyafi. Hanji kuwa ba ya shiri da laima. In ya ɗaure wannan tsirkiya, waccan ta saki. Minti arba'in yana murɗa yana gwadawa, gumi har cikin takalmi, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ya ɗaga kai zai ba da haƙuri, sai coci ya ɗauki tafi. Wani farfesa ya miƙe yana cewa bai taɓa jin tsohon kiɗa tsantsa irin wannan ba. Kafin Tertius ya fara ainihin waƙar, rabin mutane sun fita shan shayi.

Ya kaɗa wa waɗanda suka rage, ya kuma kaɗa da kyau. Marietjie ma ta share ido, ko da yake ta ce mura ce.

Yanzu shekararsa sittin da takwas, yana da ɗalibai huɗu da gwamammun ƙafafu saboda matse goge. Kwanan nan ya fara ƙorafin cewa waƙoƙin shekara ɗari uku sun cika zamani, yana cigiyar na ɗari biyar.