Tashar da Malam Sanda Ya Zaɓa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Funtua shekaru ashirin da suka wuce ya san Malam Sanda. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kullum akwai ƙaramin sukundireba a aljihun gaban rigarsa. Kunnensa ne jarinsa. Yakan kara rediyo a kunne, ya murɗa a hankali, ya gaya maka abin da ya lalace tun kafin ya kwance murfi. Da mutane suka rage sauraron rediyo ya koma gyaran waya, daga baya kuma ya koyi haɗa rauta, wato ƙaramar na'urar nan da ke rarraba intanet a gida ba tare da igiya ba. Masu shagunan taki da dillalan masara daga Bakori har Danja shi suke kira.

Ba ya son yi wa mutane dogon bayani, amma idan aka matsa masa sai ya ce: "Ita ma kamar rediyo take, tana da tashoshi. In kai da maƙwabtanka kuka taru a tasha ɗaya, sai magana ta cakuɗe. Aikina in nemo maka wadda ba kowa a cikinta."

Gidansu na gado ne, na ƙasa, mai kaurin bango. A ɗakin can ƙarshe mahaifiyarsa take, wadda duk unguwa ke kira Tsohuwa. 'Ya'yanta biyu suka rayu, Sanda da ƙanensa Mus'ab. Shekara tara kafin wannan labari, Mus'ab ya kaɗa shanun huɗa guda biyu da mahaifinsu ya bari, ya sayar da su ana gab da shuka, ya hau mota ya nufi Aljeriya bai yi wa kowa sallama ba. Gonarsu ta hanyar Bakori ba ta nomu ba a wannan shekarar. Tsohuwa ba ta yi masa baki ba, amma ta daina ambaton sunansa. In dole ta kama sai ta ce "wancan".

Sanda bai yanke da ƙanensa ba. Suna gaisawa ta waya, ya san yana aikin gini, ya san ya taɓa faɗowa daga bene ya karye a ƙafa. Da ciwon Tsohuwa ya tsananta ta daina fitowa tsakar gida, sai ya fara lallashinta.

"Inna, ko ganin fuskarsa ki yi a waya. Ba sai kin ce komai ba."

Sai da aka yi wata biyu kafin ta ce, "Ka kawo shi in gani ko ya rame."

Matsalar ita ce sabis ba ya shiga ɗakinta. Sai Sanda ya ɗaura rauta a saman ƙofar zaure inda sabis yake da ƙarfi, ya ajiye wata tsohuwar waya marar layi a gefen gadonta. Gwajin farko bai yi kyau ba. Gidan yana bayan jerin shaguna da ɗakunan haya na ɗalibai, kowa da na'urarsa, duk sun cika tashoshin da aka saba. Hoto ya riƙa tsayawa, murya tana yankewa.

Akwai wasu tashoshi a can sama da kusan ba mai hawa. Sanda ya san dalili. Ba na rauta ba ne ita kaɗai, tarayya take yi a kansu da radar, na'urar da ke hango jiragen sama da hadari. An ƙera rauta ne yadda da zarar ta ji alamar radar za ta bar tashar nan take, ta koma wata, ta yi shiru tana saurare kafin ta ci gaba da aiki. Wani lokaci minti ɗaya, a wasu tashoshin har minti goma. Ya yi tunani ya ce a ransa, ina radar a Funtua? Ya ɗora na'urar a can. Ya kuma kashe ɓangaren tashoshin da aka saba, mai cunkoso, gaba ɗaya, don kada wayar ta riƙa komawa can. Hoto ya fito tas.

Ranar Juma'a ta farko Tsohuwa ta kalli ɗanta na tsawon lokaci, ta ce, "Ka yi furfura." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Juma'a ta biyu ta tambaye shi ƙafar. Ta uku ta tambaye shi ko yana samun tuwo a can. Mus'ab yana amsawa kansa a ƙasa. Bayan kowane kira sai ya sake kiran yayansa.

"Yaya, na kasa faɗa. Da na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi."

"Ka bi a hankali. Ai ta sauko."

Sau biyu a cikin waɗannan makonni na'urar ta ɗauke da rana na ɗan lokaci. Suwaiba, matar Sanda, ta gaya masa. Ya ce zai duba. Lokacin kaka ne, ana ta karyar masara, yana fita da safe bai dawowa sai magariba. Bai duba ba.

Wata Talata bayan la'asar Suwaiba ta aika a kira shi daga shago, ta ce numfashin Tsohuwa ya canza. Ya zo ya same ta idonta biyu, tana gane mutane. Ita da kanta ta ce a kira Mus'ab, kuma da sunansa ta faɗa. Sanda ya riƙe mata wayar a gaban fuska. Mus'ab ya fito da ƙurar siminti a gira, yana haki, ga alama daga kan gini ya sauko.

"Inna," ya ce, "maganar shanun Baba. Na cuce ki, na cuci Yaya. Don Allah ki yafe..."

Hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Sai fuskar ta ɓace.

Sanda ya fita da gudu zuwa zaure. Fitilar na'urar tana ƙiftawa. Ya gane abin da ya faru. Ya ciro tasa wayar, ya kira Mus'ab, ya koma ɗakin da ita, amma yana shiga sabis ya faɗi. Ya sake fita, ya sake shiga. Tsohuwa tana kallon baƙin gilashin wayar da ke hannun Suwaiba, ta miƙa hannu wajenta. Ta juyo ta dubi Sanda ta ce, "Ina ya tafi kuma?"

Kafin na'urar ta dawo ta rufe ido. Ba ta ƙara magana ba. Ta kwana biyu a haka, ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Mus'ab ya kira yana kuka. "Yaya, ta ji ni? Me ta ce?"

Sanda ya ce, "Ta ji. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira."

Suwaiba tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi na masu gaisuwa. Ta dube shi, ta wuce.

Bayan sadakar bakwai ya buɗe bayanan da na'urar ke ajiyewa. Layi ɗaya ya gani: ta ji radar da ƙarfe huɗu da minti ashirin da shida. Ya tambayi maƙwabta ko jirgi ya wuce a lokacin. Wani ya ce ya ji ƙara, wani ya ce injin niƙa ne. Ya je har Kaduna wajen wani injiniya da ya sani, mai suna Buba. Injiniya Buba ya ce masa, "Malam Sanda, waɗannan na'urorin sukan yi kuskuren ji. Wata ƙila radar ce, wata ƙila ba komai. Ba wanda zai iya gaya maka." Ya dawo Funtua bai samu abin da ya je nema ba.

Ya sauke na'urar daga zaure. Ya bi gidaje da shagunan da ya taɓa yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, yana sauko da su daga waɗancan tashoshi. Wasu suka yi ƙorafi cewa intanet ɗinsu ya rage gudu, har wasu suka koma wajen wani mai gyaran. Bai yi musu gardama ba. Ya rame, ya rage zama a majalisa. Suwaiba ta ce masa, "Malam, kwananta ne ya ƙare, ba na'urarka ba." Ya ce, "Na sani. Ba mutuwar ke damuna ba."

Da damina ta zagayo Mus'ab ya dawo gida yana ɗingishi. Bai kawo komai ba sai jaka ɗaya da bijimi guda da ya saya a hanya. Ya karɓi gonar hanyar Bakori ya shuka masara. Kullum yana gaya wa mutane cewa ya gode Allah mahaifiyarsa ta yafe masa kafin ta cika. Duk sanda ya faɗi haka sai Sanda ya tashi ya nemi wani abin yi.

Ranar da suke zuba taki su biyu, suka zauna hutawa a gindin ɗorawa. Sanda ya ce, "Mus'ab, akwai maganar da na gaya maka wadda ba haka take ba." Ya ba shi labarin yadda aka yi, bai rage komai ba, har da tashar da ya zaɓa da gargaɗin Suwaiba da bai bi ba.

Mus'ab ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Da ta ce ina na tafi kuma, da faɗa ta faɗa?"

Sanda ya ce, "A'a. Nemanka take yi. Har hannu ta miƙa wajen wayar."

"Wannan gaskiya ce, Yaya?"

"Wallahi wannan gaskiya ce. Ka tambayi Suwaiba."

Mus'ab ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Sanda bai hana shi ba. Da Mus'ab ya gama kuka ya share ido ya ce hadari na haɗuwa ta gabas, gara su ƙarasa kafin ruwa ya sauko. Suka ɗauki ƙwaryar taki, kowa ya kama kunyarsa.